KU DUBA GWANGWANIN MAGANIN TSOFAFFINKU

Wannan takarda an rubuta ta ne domin masu gida da matan gida na Achilafiya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da sauran jama'ar Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Babura. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In a gidanku akwai tsoho ko tsohuwa, to, maganar nan taku ce.

Abin da za mu fara roƙonku ƙanƙane ne. Yau da la'asar ku shiga ɗakin tsohon nan, ku gaishe shi, ku ce ya nuna muku inda ya ke ajiye magani. Wani a gwangwanin madara ya ke zubawa, wani a ƙarƙashin tabarma, wata a cikin kwalla ko a ƙullin bakin zane. Ku juye a kan faifai, ku ƙidaya ku ga iri nawa ne.

Mu ma'aikatan ɗakin shan magani mun sha ganin abin da ke fitowa daga irin gwangwanin nan. Farare, da jajaye, da masu ruwan ɗorawa, da kafso. Waɗansu a cikin takardarsu, waɗansu tsirara ba suna ba lamba, waɗansu kuwa kwanansu ya ƙare tun bara waccan. Gefe guda ga kwalbar jiƙo da ƙullin gari. Ka ce, "Baba, wannan ta mece ce?" Sai ya ce, "Ta jiki ce, Malam. Waccan kuwa yaron nan ne ya aiko da ita daga Ikko."

Likitoci sun yi wa abin nan iyaka. Sun ce mutumin da ke shan magani iri 5 ko fiye kowace rana, lalle a zauna a duba masa su duka tare. Ba wai iri biyar haram ba ne. Akwai wanda ke da hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya, ba makawa sai ya sha da yawa. Amma daga biyar ɗin nan haɗarin faɗuwa, da ruɗewa, da lalacewar ƙoda ya kan ƙaru ƙwarai, balle in ba mutum guda ne ya rubuta su ba.

TA INA SU KE TARUWA?

Babu wanda ya zauna ya ce bari in cuci Baba. Kowa taimako ya nufa. An kai shi asibiti, likita ya auna shi, ya ce hawan jini ne, ya rubuta iri biyu. Wannan daidai ne. Bayan wata guda gwiwa ta motsa, babu kuɗin mota, sai aka aiki yaro kemis ya ce a ba shi na ciwon jiki. Mai kemis ya ɓalle ƙwaya huɗu ko biyar iri dabam dabam, ya ƙulla a leda, watau abin da a ke kira haɗi. Ran kasuwa mai talla ya zo da tirensa, rana ta gama dukan kayansa, Baba ya sayi na barci. Ɗansa da ke ci-rani ya ji labari a waya, ya aiko da na ƙarin jini da na ƙarfin jiki. Maƙwabci ya ce ai ni wannan ce ta warkar da ni, ya ɗiba masa daga nasa. Mai mota da lasifika ya tsaya bakin hanya da maganin basir da sanyi da shawara, duk a kwalba guda. Hannu shida ke nan, kuma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ban da sha'anin magani.

To, me ya sa tsohon ke ta neman magani haka? Wani lokaci ciwo ne tsagwaronsa. Sau da yawa kuwa, a ƙarƙashin ciwon akwai wani abu da ƙwaya ba ta kai wa gare shi.

KAƊAICI

Da, gidan manomi a ƙasar nan gandu ne. Mai gida da 'ya'yansa maza da matansu, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Tsoho ko ya daina riƙe fartanya, shi ke faɗin ranar shuka, shi ke buɗe rumbu, a zaurensa a ke ciyayya, a gabansa a ke kashe rigima. Tsohuwa kuwa ita ke yaye, ita ke kula da mai jego, da rana tana kaɗi, da dare jikoki su cika ɗakinta ta yi musu tatsuniya. Ba mu ce zamanin duk daɗi ne ba. An sha yunwa, ƙyanda ta kwashi yara. Amma tsoho bai rasa abokin magana ba.

Yanzu da an kai gero gida, an tsince wake, an kaɗe riɗi, sai samari da magidanta su kama hanyar Kano, da Abuja, da Ikko, watau Legas. Ci-rani ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun yi. Abin da ya sake shi ne, da yawa ba sa komowa da faɗuwar ruwa kamar da, waɗansu ma sun ɗauke iyalinsu. Na gida kuwa kowa ya ja katangarsa, ya ware tukunyarsa. Yara da dare suna gidan kallo, ko sun duƙufa a kan waya. Kuɗi ya kan iso, Allah ya saka wa masu aikowa. Sai dai kuɗi ba ya zama a kan tabarma ya tambaye ka yadda ka kwana.

Ga kuma abin da tsufa ke kawowa da kansa. Sa'o'insa na dakali sun riga mu gidan gaskiya ɗaya bayan ɗaya. Gwiwa ta hana shi zuwa kasuwa, daga baya ta hana shi masallacin ƙofar gida. Kunne ya yi nauyi. In ana hira sai ya ga baki na motsi, ya tambaya sau ɗaya, ya tambaya sau biyu, na uku a ɗaga masa murya, daga nan ya kama bakinsa. Yana ta rufe ido, ba ya gane mai shigowa sai ya yi magana. Tsohuwar da mijinta ya rasu, kwanakin zaman makoki gida cike ya ke, wata huɗu da kwana goma na takaba ana leƙowa. Ran da ta fita takaba, daga nan ƙafa ta ɗauke.

Ku lura, mutum ya kan yi kaɗaici a gida mai mutum ashirin. Wannan ya fi wuyar ganewa, don kowa cewa ya ke ai Inna ba ita kaɗai ba ce. Alhali tun safe ba wanda ya ce mata kome sai "ga kokonki."

Kada ku ɗauka wannan ciwon Turawa ne. A watan Nuwamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti musamman domin ya binciki kaɗaici, ya kuwa ba da rahotonsa a watan Yuni na 2025. Ya ce mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da shi, a Afirka kuwa kusan 1 cikin 4, watau mu ne a gaba. Ya ce kuma yana da hannu a mutuwar mutum wajen 871,000 kowace shekara. A Ingila abin ya dame su har a 2018 suka naɗa minista domin wannan al'amari. Mu nan ba mu bukatar minista, muna da jikoki.

Yadda kaɗaici ke cin jiki ba boyayye ba ne. Mai ci shi kaɗai loma uku ya kan yi ya ture kwano. Wanda ba shi da inda za shi ba ya tashi, gaɓoɓi su sandare. Wanda ya wuni yana gyangyaɗi don rashin abin yi, da dare ido biyu zai kwana yana tunani. Jini ya hau, zuciya ta wahala, ƙwaƙwalwar da ba a hira da ita ta yi ta dushewa.

Sa'an nan tsohon Bahaushe ba zai buɗe baki ya ce kaɗaici ke damuna ba. Da kunya. Yana tsoron a ce ya kushe wa 'ya'yansa, ko a ce bai gode Allah ba. Sai ya faɗa da jiki. "Jikina duk ciwo." "Ba na barci." "Tsakar kaina zafi." "Wani abu na yi mini yawo a jiki." "Gabana na faɗuwa." Ba ƙarya ya ke yi ba, yana jin abin da ya faɗa. Kuma ya lura ran da ya ce ba shi da lafiya, ran nan ne ɗa ke bugo waya, suruka ta leƙo, maƙwabta su shigo sannu. Akwai tsofaffin da mu ka sani, su kan zo ɗakin shan magani su zauna a benci tun safe, a auna su ba a sami kome ba, amma ba sa gaggawar tafiya. Ba ma korarsu. Mun san abin da ya kawo su.

CIWON DAMUWA

In kaɗaici ya daɗe, ko aka yi babban rashi, ya kan zama ciwo sosai, wanda likitoci ke kira ciwon damuwa. Alamunsa su ne mutum ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin kome. Abin da ya ke so da, kamar rediyo, ko goro, ko wasa da jika, duk ya fita ransa. Ba ci, ba barcin kirki, ya kan farka tun tsakar dare. Ya rame, ya daina kula da wanka da tufa, ya riƙa cewa shi ya zama kaya, ba shi da amfani.

Akwai shi a ƙasar nan, an kuwa ƙidaya. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bi gida gida a ƙasar Yarbawa, sun tambayi tsofaffi fiye da 2,000 masu shekara 65 ko fiye, suka buga sakamako a 2007. Sun tarar wajen 7 cikin 100 sun yi wannan ciwo mai tsanani a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma kusan 1 cikin 4 ya taɓa yinsa a rayuwarsa. Ƙasar Yarbawa ba ƙasar Kazaure ba ce, amma tsufa ɗaya ne.

Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuwa halin tsufa ba ne da za a ce sai haƙuri. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma ana warkewa. Amma ba haɗin kemis ke warkar da shi ba.

JIKIN TSOHO BA NA SAURAYI BA NE

Yawancin maganin da mutum ya haɗiya, hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda ta tace shi ta fitar cikin fitsari. Daga wajen shekara 40 aikin ƙoda ya kan riƙa raguwa kaɗan kaɗan kowace shekara, ko mutum lafiyarsa ƙalau. Ƙodar tsoho kamar tsohuwar rariya ce wadda idanunta suka toshe. Tana tacewa, amma a hankali. Saboda haka na jiya bai gama fita ba na yau ya tarar da shi.

Ku ɗauki ƙwayar barcin nan Valium, wadda a ke kira diazepam. Ɗan shekara 20 in ya sha, kwana guda jikinsa ya rage rabinta. Ɗan shekara 80 sai ya yi kwana uku ko huɗu. In yana sha kowane dare, kun ga taruwa ta ke yi. Sai ya wuni yana layi, harshe ya yi nauyi, ya manta abin da aka gaya masa yanzu. Ya tashi fitsari da dare ya faɗi. Tsohon da ya karya ƙugu kuwa, sau da yawa kwanciyar ke nan. Piriton na mura, wanda waɗansu ke sha don barci, shi ma ya kan ruɗa tsoho, ya busar da baki, ya tsai da fitsarin namiji.

Maganin ciwon jiki ya fi kowane cika gwangwani, don haka za mu daɗe a kansa. Diclofenac, da ibuprofen, da piroxicam wanda a ke sayarwa da sunan Felvin, duk dangi ɗaya ne. Suna kashe zafin gwiwa, gaskiya ne. Amma suna ƙwaƙular ciki har ya yi gyambo ya zub da jini, suna ta da hawan jini, suna raunana ƙoda. Watau likita na saukar da jini da safe, haɗin kemis na mai da shi da dare. Kuma a haɗi guda a kan sami biyu daga cikin dangin nan. In kuka ga kashin tsoho ya yi baƙi ƙirin da danƙo kamar kwalta, ga wari, jini ne ke zuba a ciki, kada a kwana. Na ƙarin jini ma ya kan baƙanta kashi, amma ba ya danƙo da wari irin wannan.

A cikin haɗin har wa yau a kan jefa wata 'yar ƙaramar ƙwaya, dexamethasone ko prednisolone. Ita ce ke sa tsoho ya ce mai kemis ɗin nan ya san magani, don kwana biyu ya ji garau, ci ya buɗe, kumatu su ciko. Ba ƙiba ba ce. Tana ta da suga, tana ta da jini, tana cin ƙashi. Wanda ya yi makonni yana shanta kuwa kada ya bari farat ɗaya, sai likita ya rage masa a hankali.

Farasitamol shi ne mai sauƙi, shi mu kan fara ba tsoho. Amma shi ma da iyaka. Babban mutum mai ƙarfi kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini da kwana, tsoho ramamme kuwa kada ya wuce 6. Abin lura shi ne yana da sunaye da yawa. Panadol shi ne, akwai shi cikin Boska, akwai shi cikin Procold. Mutum ya sha uku yana zaton magani uku ya sha, alhali ɗaya ya ninka, hanta ce ke biya.

Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide, watau Daonil, dole ya ci abinci. In damuwa ta hana shi ci, ya kuwa sha ƙwayar, sai suga ya faɗi ƙasa. Ya yi gumi, jiki na rawa, ya kama surutai, har ya suma. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari nan take, sa'an nan a kawo shi. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki.

Tramol da maganin tari mai kodin ba na tsoho ba ne, ko da yaran gida sun ce suna sa ƙarfi. Tun watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Ga yadda ɗaya ke jawo ɗaya. An taɓa kawo mana wata tsohuwa a kan amalanke, ba ta gane kowa, ga rauni a goshi. Asali ƙwayar hawan jini ta ke sha, amlodipine, mai kyau ce, amma ta kan kumbura wa waɗansu ƙafa. Da ƙafa ta kumbura aka sayo mata ta fitsari. Ta fitsari ta hana ta barci, aka sayo ta barci. Ta barci ta sa ta jiri, aka sayo ta jiri da ta ƙarin jini. Ta faɗi, aka sayo haɗi. Da ta fara kiran sunayen matattu da dare, sai tsegumi ya tashi a unguwa, waɗansu na cewa iska ce, waɗansu na faɗin abin da ya fi wannan muni, har iyaye suka hana yara shiga ɗakinta. Na ce da ɗanta, "Malam, koma ka kwaso mini duk abin da Inna ke sha." Ya kawo iri 9. Muka tura su asibiti da ledar, likita ya sake mata na hawan jini, ya bar ta da iri 3. Aka sa jikanya ta riƙa kwana a ɗakinta. Kafin mako uku ita ke yi wa jikanyar faɗa a kan tankaɗe.

Jama'a, ku ji tsoron Allah game da tsofaffin mata masu surutai. Kafin a jefa wa tsohuwa kalmar maita, a duba gwangwaninta.

ABU UKU DA A KE HAƊAWA WURI GUDA

Mutane kan ce duk gigin tsufa ne. Ba haka ba ne. Gigin tsufa na gaskiya a hankali ya ke zuwa, cikin shekaru. Mutum ya fara da mantuwa, daga baya ya ɓace a hanyar da ya sani tun yana yaro. Ciwon damuwa cikin makonni ko watanni ya ke zuwa, sau da yawa bayan rashi, kuma mai shi ya san kowa, magana ce ba ya so. Na uku shi ne ruɗewar farat ɗaya. Jiya lafiya, yau bai san inda ya ke ba, da rana ya ɗan dawo, da dare ya rikice. Wannan kusan kullum akwai abin da ya ta da shi: magani, ko zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar suga, ko ƙishirwa a kwanakin bazara. Shi ne ya fi gaggawa, shi ne kuma ya fi saurin warkewa in an kawo da wuri.

ABIN DA ZA KU YI

Ku zuba duk abin da kuka samu a leda guda, na asibiti, da na kemis, da na talla, da jiƙo, da gari, ku kawo ɗakin shan magani tare da mai su da katinsa. Kada ku ɓoye na gargajiya don kunya, ba faɗa za mu yi ba. So mu ke mu san abin da ke shiga cikinsa. Abin da ya fi ƙarfinmu mu tura ku babban asibitin Kazaure ko na kusa da ku.

Amma ku ji wannan da kyau. Kada wani ya karanta takardar nan ya je ya zubar da maganin Baba duka. Na hawan jini, da na suga, da na zuciya, da na farfaɗiya, ba a barinsu don an ji sauƙi. Barin na hawan jini shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Ragewa aikin likita ne.

A gida a zaɓi mutum guda mai hankali, ɗa ko suruka ko babbar jika, ya zama shi kaɗai ke riƙe magani, shi ke bayarwa. Duk wanda ya kawo wani sabo, ta hannunsa zai bi. In ba mai karatu, ku ce a zana muku a jikin takardar: rana na safe, wata na dare. Ƙwayar da ba ta cikin takardarta, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar ƙarewa, kada ta shiga bakin tsoho. A ajiye magani a inuwa, inda yara ba sa kai wa.

Sa'an nan maganin da babu shi a kantarmu. Kada a miƙa wa tsoho tuwo a juya. Wani ya zauna ya sa hannu a kwano tare da shi, za ku ga ya ci ninki biyu. A fitar masa da tabarma zaure ko gindin darbejiya inda mutane ke wucewa. In tafiya ta yi wuya, yaro ya riƙe hannunsa zuwa masallaci ko da sau ɗaya a yini. A kai tsohuwa suna da biki, ko a kan mashin ne. A sa jika ya riƙa kwana a ɗakin. Kuma kada a ƙwace musu aiki duka da sunan hutu. Ɓarar gyaɗa, tufkar igiya, saƙar faifai, tsinkar zogale, ba awaki dusa, duk aiki ne, kuma mai aiki ya san ana bukatarsa. A nemi shawararsa a kan gona da aure, ko da an riga an san abin da za a yi. Mai nauyin kunne a tsaya gabansa a yi magana a hankali, ba da tsawa ba. A kawo shi mu duba, wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe. Yanar ido kuwa ana cire ta a asibiti, mutum ya koma yana gani.

In an yi wannan duka damuwa ba ta sake shi ba, akwai asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai kuma na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, yawancin masu zuwa su kan ga likita su komo gida ran nan. Maganin damuwa ba ya aiki ran da aka fara. Sai mako biyu zuwa huɗu, wani har shida, kuma a kan yi watanni ana sha. Kada ku ce bai karɓe shi ba ku koma kemis. A watan Janairu na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta ba mai irin wannan ciwo haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Ɗaure tsoho da mari ko kulle shi a ɗaki ba magani ba ne.

In kuka ji tsoho na maimaita cewa gara ya mutu ya huta, ko ya ƙi ci da sha sam, kada ku ce maganar tsufa ce. A kwashe fiya-fiya da maganin feshi da tarin ƙwayoyi daga inda zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi ran nan.

Mai ciwon suga ko hawan jini da ke niyyar azumi ya zo tun cikin Sha'aban a gyara masa lokutan sha, kada ya haɗa na safe da na rana ya watsa gaba ɗaya da shan ruwa.

Ku kuma masu shirin ci-rani bana, kafin ku ɗaure kaya ku faɗi sunan wanda zai riƙe maganin, da wanda zai ci abinci da Baba, da yaron da zai kwana ɗakin Inna. Ku sa rana guda a mako ta waya, ku ce a miƙa musu su yi magana da bakinsu, ba ku tambayi wani yaya jikinsu ku kashe ba. In za ku yi aike, ku aiko da kuɗin mota zuwa asibiti maimakon ƙwaya. Ledar magani kuwa a riƙa kawo mana ita bayan kowane wata uku, ko ran da aka ƙara wani sabo, a taho da kati, a zo da safe.